Ɓarawon da Muke Wa Fatan Ya Tsira

Wani attajiri mai sarauta, Don Lorenzo Salvara, ya shiga ɗakin karatunsa da tsakar dare, sai ya iske mutum biyu cikin baƙaƙen kaya suna jiransa. Suka nuna masa shaidar 'yan sandan ciki na sarkin birnin. Suka ce masa baƙon ɗan kasuwar nan da ya zuba kuɗi a harkarsa ɗan damfara ne, sunan da ya faɗa na aro ne, hajar da ya yi masa alkawari kuwa babu ita. Daga nan suka umarce shi da ya ci gaba da biyan duk abin da mutumin ya nema, kada ya nuna ko a fuska cewa ya farga, domin hukuma ta samu lokacin da za ta cafke shi da mutanensa gaba ɗaya. Attajiri ya haɗiye fushinsa ya amince. Jami'in da ke yi masa wannan bayani kuwa shi ne ɗan damfarar da kansa, ya sake fuska ya sake murya. Da ziyara ɗaya ya toshe ƙofar da asirinsa zai iya tonuwa, domin wanda ya ɗauka hukuma ta riga ta san komai ba zai je kai ƙara ba.

Wannan yana cikin The Lies of Locke Lamora, littafin farko na marubucin Amurka Scott Lynch, wanda ya fito a 2006. Duk wanda ya karanta ya iso wannan wuri sai daɗi ya kama shi, kuma daɗin nan ne ya dame ni har na ɗauki alƙalami. Mu mutane ne da ba ma wasa da maganar ɓarawo. Muna kwana da kwaɗo biyu a ƙofa, muna tara kuɗin 'yan sintiri duk wata, in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa wani lokaci kafin 'yan sanda su iso rai ya salwanta, wanda babban abin kunya ne a kanmu. To yaya aka yi mutumin da aka taɓa yanke wa aljihu a tasha zai raba dare da littafi a hannu, gabansa na faɗuwa don kada a kama ɓarawo?

Birnin labarin ƙagagge ne, sunansa Camorr, tsibirai ne da hanyoyin ruwa da gadoji, irin Benis ta Italiya a zamanin da. A tsakiyarsa akwai dogayen hasumiyoyi na wani gilashi da ba ya fashewa, waɗanda wasu halittu da suka shuɗe kafin zuwan ɗan Adam suka bari, manyan gari suka tare a cikinsu. Locke, ɗan damfarar nan, maraya ne. Yana ɗan shekara shida ko bakwai ya faɗa hannun wani tsohon ɗan sane da ke tara marayu a cikin ramukan tsohuwar maƙabarta yana koya musu yankan aljihu. Fitinar yaron ta fi ƙarfin tsohon, har ya nemo izinin kashe shi, daga baya ya ga gara ya sayar da shi ga wani limamin ɗakin bauta da ake kira Chains, makaho da ya ɗaure kansa da sarƙa a ƙofar ɗakin bautar yana karɓar sadaka.

Makantar ƙarya ce, sarƙar ma tana kwancewa in dare ya yi. A ƙarƙashin ɗakin bautar akwai gida mai kayan alatu, kuma a nan ne littafin ya kama ni. Chains bai damu da koya wa yaransa haura katanga ba. Lissafi yake koya musu, da rubutu, da tarihi, da harsuna har da karin harshen kowane yanki, da girki irin na fada, da yadda ake riƙe cokali a teburin manya. Yakan tura yaro ƙauye ya yi watanni yana noma don ya iya tafiya da magana irin ta manomi, ya tura wani ɗakin bautar wata ɗariƙa ya zauna a matsayin almajiri har ya haddace addu'o'insu. Jean Tannen, ɗan 'yan kasuwa mai ƙiba da saurin fushi da kaifin lissafi, aka kai shi wurin babban malamin takobi na birnin, ya dawo da ƙananan gatura biyu da suka zama makaminsa. Ga tagwaye Calo da Galdo, daga baya ga ƙaramin yaronsu Bug. Lynch yana yanka labarin ne gida biyu, babi ɗaya a yau, ɗan taƙaitaccen babi a ƙuruciya, ta yadda duk dabarar da ka ga Locke ya yi da girmansa, an riga an nuna maka ranar da ya sha wuyar koyonta.

Saboda haka damfarar da aka yi wa Salvara ba ta faɗo daga sama ba. Sun yi watanni suna nazarinsa. Sun san mahaifiyarsa 'yar arewacin duniyar ce, sai Locke ya zo a matsayin Lukas Fehrwight, wakilin wani gidan masu giya mai tsada daga can. Sun san ranar da yake zuwa ɗakin bauta, sai suka shirya fashin ƙarya a lungun da ke kusa, don shi da kansa ya ceci baƙon, ya ji shi ne mai alheri. Sun san wanda yake gaba da shi a cikin masu sarauta, sai baƙon ya bari ya suɓuce masa cewa wurin wancan ɗin zai kai cinikin. Ba wanda ya roƙe shi ya shiga. Shi ya nace. Daɗin karanta wannan irin daɗin da ke tsayar da mutum ne a gaban masassaƙi, ya manta da aiken da aka yi masa yana kallon gungume na komawa turmi. Gwaninta tana da farin jini ko a ina aka gan ta, kuma marubucin ya san haka.

Amma gwaninta kaɗai ba za ta sa in yafe wa ɓarawo ba. Abin da ya riƙe labarin wani tsari ne da ake kira Sulhun Ɓoye. Shugaban duk 'yan ta'addar birnin, Capa Barsavi, wanda tsohon malamin makaranta ne kafin ya karkashe abokan takararsa, ya ƙulla yarjejeniya da fada. Ɓarayi ba za su taɓa masu sarauta ba, ba za su taɓa 'yan doka ba. Ita kuma hukuma za ta kau da kai daga mafi yawan abin da suke yi wa sauran jama'a. Ma'ana, an zauna a sama an raba gari: ɗan tireda da mai kwalekwale da ƙaramin ɗan kasuwa su ne abincin ɓarayi, mai hasumiya kuwa ya kwana da taga a buɗe. Kowace ƙungiyar ɓarayi tana kai wa Barsavi kasonsa duk mako. Su Locke ma suna kaiwa, suna nuna su ƙananan masu fasa gida ne da ba su da wani tasiri, alhali a ɓoye su kaɗai ne ke karya sulhun, masu sarautar kawai suke cuta. In fada ta gane su rataya ce, in Barsavi ya gane su abin ya fi rataya muni.

A ganina nan ne zuciyar mai karatu ke sauya sheƙa. Kafin Locke ya saci ko ƙwandala, an riga an yi babbar satar, an sa mata hannu, an kira ta zaman lafiya. Mai karatun da ya taɓa ganin an ɗaure ɓarawon akuya shekaru, wanda ya wawure kuɗin asibiti kuma ana yi masa kirari a wurin biki, ba ya buƙatar a yi masa sharhin Sulhun Ɓoye. Abin da yake so ya gani, ko da a takarda ne, shi ne ranar da wanda ya saba cin banza ya zama abin ci, kuma ba da bindiga ba, da kai. Locke ba shi da ƙarfi. Siriri ne, bai iya takobi ba, in faɗa ya kaure dabararsa ita ce ya jure duka har Jean ya iso. Yawancinmu a gaban masu iko haka muke, ba mu da abin da ya wuce ƙwaƙwalwa da baki da abokin da ba zai gudu ba.

Wannan sha'awa ba Turawa suka kawo mana ita ba. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, maci amana, mai haɗama, amma tun muna yara shi muke wa fatan ya kuɓuta daga hannun zaki da kura. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga a 1934, rabinsa cutar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke yi wa juna ce gari bayan gari, kuma shi aka yi ta koyar wa yara a makaranta. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Muƙamar Hariri, littafin da manyan malamanmu na zaure ke karantar da ɗalibin da ya yi nisa a lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, ya rubuta muƙama hamsin, kuma gwarzonsu duka Abu Zaid as-Saruji ɗan damfara ne mai zaƙin baki. Yau ya fito a mai wa'azi ya sa jama'a kuka ya tara kuɗi, gobe ya kai ɗansa ƙara gaban alƙali a kan rigimar da suka shirya tare don su samu kyauta. A muƙama ta bakwai makaho yake zama a ranar idi, wata tsohuwa na yi masa jagora, daga baya mai ba da labarin ya iske idanunsa garau. Tsakanin wannan makaho da Chains akwai shekaru kusan 900. Malaman da suka riƙe littafin nan ƙarni bayan ƙarni masu tsoron Allah ne, kuma ba su ɗauka karanta Abu Zaid zai mai da almajiri mazambaci ba. Sun bambanta jin daɗin fasaha da yarda da aiki.

Duk da haka, wanda ya ce wannan irin littafi na da haɗari a ƙasa irin tamu bai faɗi shirme ba, kuma ba zan wuce maganarsa da sauri ba. Mu ne ƙasar da lambar wani sashe na dokar laifuffukanta, 419, ta zama sunan zamba a duniya. Mun ga yadda harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, wasu da jarinsu, wasu da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Kusan kowa ya san wata baiwar Allah da aka kira ta a waya aka ce daga banki ne, ta karanto lambobin katinta, kafin ta ajiye wayar an share asusun. Akwai samarin da ke wannan sana'a suna kiran kansu masu wayo, suna kiran wanda suka cuta wawa. In littafi ya ƙara musu ƙwarin gwiwa, ya yi ɓarna. Addini kuma bai ware wata sata ya ce ta halatta don wanda aka yi wa mai kuɗi ne. Locke ba ya raba wa talakawa abin da ya samu, ba Robin Hood ba ne. Kuɗin da suka tara, sama da 40,000 na babban kuɗin birnin, suna jibge a ƙarƙashin ƙasa, su kansu ba su san abin da za su yi da su ba. Don daɗin wasan suke yi.

Akwai kuma wata alfarma da marubuci ke yi wa ɓarawonsa wadda rayuwa ba ta yi: shi ke zaɓa masa wanda zai cuta. Ɓarawon littafi yana hawa sama ne ya ɗauko. Na zahiri ƙasa yake dubawa, wurin ɗan fansho da bazawara da mai neman aiki, domin su ne ba su da lauya, ba su da wanda za su kira. Duk saurayin da ya karanta Locke ya ga hotonsa a ciki alhali kuɗin mai koko ya kwashe, ya yi wa kansa ƙarya. A Camorr shi yana cikin yaran Barsavi ne masu biyayya ga Sulhun Ɓoye, waɗanda aka sakar wa talaka. Littafin bai ɓoye wannan bambanci ba, a kansa ma aka gina shi. Ni kuwa na fi ganin amfaninsa ga wanda ake farauta. Wanda ya bi damfarar Salvara daki-daki ya ga kayan aikin mazambaci a shimfiɗe: a sa ka ji kai ka gano damar da kanka, a ce maka sirri ne kada ka yi shawara, a ce lokaci ya ƙure, a zuga ka da kishin wani, in ka fara zargi a turo maka mai kayan hukuma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma Salvara mutumin kirki ne wanda kwaɗayin riba da son ya ƙuntata wa abokin gabarsa suka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Abin da ya ɗaga littafin sama da tsaransa, a wurina, shi ne inda Lynch ya ajiye sihiri. A yawancin labaran ƙage na wannan fanni, har da littattafan yaƙi na kasuwar Kano da muka taso muna haya, jarumi ne ke da takobin tsafi ko zoben aljani. A nan sihirin na hannun abokin gaba. Wajen tsakiyar littafin wani da ake kira Sarki Mai Ruwan Toka ya bayyana yana kashe shugabannin ɓarayi ɗaya bayan ɗaya, ya yi hayar matsafi daga birnin Karthain, mai yawo da shaho. Matsafan nan ƙungiya ce da ba a taɓa ta, in ka kashe ɗaya sauran za su shafe ka da danginka. Mutumin yana iya juya jikinka da sunanka na yanka kawai. A gabansa duk hikimar Locke ta zama wasan yara. An san maɓoyarsa, an san sunayen aronsa, an tilasta masa ya shiga wani shirin da ba nasa ba, kuma wanda ya saba ɗaura wa mutane zare ya wayi gari shi ake ja.

Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, dole in faɗi abin da ya biyo baya, don ba a iya auna littafin sai da shi. An yanka Calo da Galdo a cikin gidan nan na ƙarƙashin ƙasa inda aka koya musu girki. An kashe Bug, yaro ɗan shekara goma sha biyu, yana ƙoƙarin kare manyansa. Dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa ta tafi a dare ɗaya. Mai karatu da ya yi ta dariya da su a teburin cin abinci sai ya gane cewa ba kuɗin yake ƙauna ba tun farko, zaman nan nasu ne, marayu biyar da suka mai da juna dangi. Kuma Locke na da kaso a alhakin jininsu, domin yarda da ya yi cewa babu ramin da wayonsa ba zai fitar da shi ba ita ta hana su gudu lokacin da gudu ke yiwuwa. Shi kansa Sarki Mai Ruwan Toka, da aka bincika, Sulhun Ɓoye ne ya haife shi: mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya ƙi yarda da tsarin, aka hallaka gidansu da sanin manya, yaran da suka tsira suka girma ba su da wani buri sai fansa.

Littafin na da aibi, kuma ba ƙanana ba. Bakin mutanensa cike yake da ashar, akwai giya, akwai gumaka goma sha biyu da na sha uku na ɓarayi, akwai azabtarwa da aka bayyana fiye da yadda ake buƙata, musamman abin da Locke ya yi wa matsafin da ya kama shi. Ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne. Sabetha, mace ɗaya tilo a ƙungiyar, sunanta kawai ake ji, ba ta fito ba sai a littafi na uku, The Republic of Thieves, a 2013. Nazca, 'yar Barsavi, wadda ta fi 'yan'uwanta maza hankali, an kashe ta da wuri don labarin maza ya ci gaba. A wannan fage Six of Crows na Leigh Bardugo, da ya fito a 2015, ya fi shi adalci, don matan cikin ɓarayinsa shida da su ake komai. Lynch ya tsara littattafai bakwai, na biyu ya fito a 2007, masu karatu kuma suka shafe sama da shekara goma bayan na uku suna jiran na huɗu. Sa'ar da aka yi, na farkon yana tsayawa da ƙafarsa.

A ƙarshensa Locke ya gano cewa maƙiyinsa ya shigar da wasu gumakan ado cikin hasumiyar sarki a daren babban biki, a cikinsu akwai wani sinadari da hayaƙinsa ke kashe hankali ya bar jiki da rai. Duk masu sarautar birnin suna ciki, da 'ya'yansu. Su ne mutanen da ya yi rayuwarsa yana cuta, su ne suka sa hannu a sulhun, kuma in ya koma wurinsu mai yiwuwa wanda ya kashe 'yan'uwansa ya tsere. Ya koma. Sa'o'i kaɗan kafin nan ya tsere daga wannan hasumiya bayan ya naushi tsohuwar da ke shugabantar 'yan sandan ciki a ɓoye, Doña Vorchenza, don haka da ya iso yana rantsuwa cewa kowa na cikin haɗari, duka ya fara sha. Yana faɗin gaskiya tsagwaronta, ba sunan aro ba fuskar aro, ba mai saye. Sai da Doña Sofia, matar Salvara, wadda ta san ilimin haɗa sinadarai, wadda kuma ya ci amanar gidanta ya kwashe musu dukiya, ta yarda ta duba ɗaya daga cikin gumakan da idonta, ta ga abin da ke ciki, sannan aka fara fitar da su.